Katakon Da Kansila Ya Rubuta

"Ya rubuta! Wallahi ya rubuta, Kawu ya gani da idonsa!"

Mai Walda ne tsaye a ƙofar ƙaramin asibitin unguwa yana haki, ko gilashin aiki bai cire daga goshinsa ba. Nas ta fito da hanzari tana yi masa alama ya rage murya, don matan da ke jiran awo duk sun juyo suna kallonsu.

"Tartsatsi, a asibiti kake fa."

Sunan da ta laƙaba masa ke nan tun ranar da ya zo da ƙuna a hannu ta ɗaure masa.

"Ko a gaban alƙali nake sai na faɗa. Yau da safe Kawu ya koma wurin Babanki, zuwa na huɗu ke nan. Bai gama bayani ba Baba ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ɗauki guntun katako ya rubuta. Kin ji ko? Shekara ɗaya da rabi muna jira, sai yau Allah ya yi."

Ta yi murmushi, amma murmushin bai wuce leɓe ba.

"Da ya rubuta sai ya ce me?"

"Ya ce za a duba. To ai ko jariri ya san idan Kansila ya rubuta a katako magana ta ƙare."

Haka kuwa duk mazaɓar ta yarda. Mahaifin Nas kafinta ne tun asali, kuma ba ƙaramin kafinta ba. Tagogin makarantar unguwa aikinsa ne, rabin matan layin nan a kan gadon da ya haɗa suka haihu. Masu sana'a ne suka taru suka tura shi takara yana ƙi yana nokewa, ga shi yau shekara ashirin da shida yana kan kujerar kansila, zaɓe ya zo ya wuce ya bar shi a zaune. Zarto ya yi tsatsa, fensir dai yana nan a bayan kunne. Kullum da hantsi yana kan bencinsa a ƙofar gida, guntayen katako a gefe. Mai neman kwalbati, mai kukan famfo ya lalace, mai son a samar wa ɗansa aiki, kowa sai ya rubuta buƙatarsa a katako ya jefa a aljihu. Shekara da shekaru ba wanda ya ji a'a daga bakinsa.

Abin da mutanen waje ba su sani ba, 'yan gida sun sani. Katakon nan makoma biyu gare shi. Wanda Kansila ya yi niyyar yi, yana shiga gida zai kafa shi da ƙusa a bangon tsohon shagonsa, ba ya cire shi sai an gama aikin. Wanda kuwa ba zai yi ba, kwandon iccen Inna ne gidansa. Da wannan kwandon Nas ta koyi haɗa baƙi tana 'yar shekara shida, kafin ta iya rubuta sunanta ta iya karanta kwalbati.

Shi ya sa murnar Mai Walda ta faɗar mata da gaba.

"Kin yi shiru," ya ce yana leƙa fuskarta. "Ko ba ki yi murna ba?"

"Na yi mana. Gajiya ce."

"Gara da aka yi haka, don jiya na sha faɗa a gida. Tsohuwa ta ce ita ba ta haifi ɗa don ya tsufa a bencin 'yan siyasa ba. Ta ce ƙarshen watan nan in ba a tsayar da magana ba, in fita harkarki, akwai 'yar ƙanwarta. Har rantsuwa ta yi. Amma yanzu ina zuwa zan gaya mata an rubuta." Ya sassauta murya. "In kin tashi ki biyo ta shago, akwai abin da zan nuna miki."

Bai yi nisa ba wata baƙar mota ta tsaya a inda ya tashi. Ɗan Ciyaman ne, ɗan shugaban jam'iyyar su Kansila, wanda turarensa ke riga sallamarsa isowa. Bai ko fito ba, gilashi kawai ya sauke.

"Ranki ya daɗe, har yanzu mai ƙona ƙarfen nan bai gaji ba? Ki gaya wa Baba muna tafe bayan azahar ni da tsohona. Wannan karon da magana biyu za mu zo, ta tikitin takara da tamu."

"Ni ba 'yar aike ba ce," ta ce, ta juya ciki.

Ranar ta kasa mayar da hankali kan aiki. Azahar na yi ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata, ta kama hanyar gida.

Ba ta tsaya cire farin kaya ba ta nufi madafa. Inna tana tsugune gaban murhu, tana ganinta ta zabura, ta tura wani abu cikin wuta da sauri ta danna icce a kai.

"Yau da wuri haka? Je ki huta, na kusa gamawa."

"Inna, me kika sa a wuta?"

"Icce mana, me ake sa wa a wuta?"

Nas ta durƙusa ta sa hannu. Inna ta riƙe mata tsintsiyar hannu tana salati, Nas ta fizge, ta jawo katakon ta buga shi a ƙasa har wutar ta mutu. Gefe ɗaya ya riga ya ci, amma rubutun yana nan, manyan baƙaƙe masu kwanciya irin na mahaifinta: Mai Walda, neman aure.

Ta karanta ta sake karantawa. Tun a hanya zuciyarta ta gaya mata, amma gani ya kori ji. Sai ta zauna daɓas a ƙasa da farin kayanta, kuka ya ƙwace mata.

"Ki yi haƙuri," Inna ta ce, ita ma idonta ya kawo ruwa. "So na yi in ƙona kafin ki dawo, kada ki gani."

"Don kada in gani? Inna, da ban dawo ba sai ki dafa mana abinci da shi, in zauna in ci, in ce an gode?"

"To ya zan yi? Ni dai abin da ya faɗo kwando nake sa wa a wuta. Shekara ashirin da shida ban taɓa tambayarsa dalili ba."

Nas ta ɗago kai a hankali. Wani tunani ne ya zo mata.

"Malamin makarantar nan da ya yi shekara biyu yana zuwa, har na ce mayaudari ne da ya daina. Shi ma an rubuta masa ko?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Da direban nan mai kirki?"

"Kowanne lokacin zaɓe ya faɗo," Inna ta ce can ƙasa. "Ciyaman tun kina makaranta ya ɗora ido a kanki saboda ɗansa. Babanki ba ya son ya ba su ke, ya san halin yaron. Ba ya kuma iya ba wani, kada Ciyaman ya hana shi tikiti. Sai ya ce a bari zaɓe ya wuce."

"Zaɓe nawa ya wuce, Inna? Ƙannena biyu suna ɗakin mazajensu da goyo. Ni ana nuna ni a layi ana cewa ruwan ido gare ni, wasu su ce aljani ya aure ni. Kina ji, kina share mini hawaye, kina cewa lokaci ne bai yi ba. Ashe a murhun nan lokacin yake ƙonewa."

"Kada ki ga laifina, 'yar nan."

"Zomo ba ya fushi da makashinsa, Inna, sai maratayinsa. Shi siyasa yake yi. Ke fa?"

Inna ta rufe fuska da gefen zane tana kuka. Nas ta ji tausayinta ya kama ta, ta kuma ji haushin tausayin. Ta miƙe da katakon a hannu.

"Ina za ki? Kada ki je masa da wannan fuskar. Ubanki ne."

"Ai shi ya sa zan je."

Tsohon shagon yana can ƙuryar gida, ba mai shiga sai shi. Har yanzu ƙamshin katako bai bar ɗakin ba. Teburin aiki yana tsakiya, zarto da guduma suna rataye inda ya bar su, bango kuwa duk ramukan ƙusa ne, shaidar ayyukan da aka gama aka cire. Gaskiya ɗaya ce, ramukan suna da yawa. Mutumin ya yi wa unguwar nan aiki, ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Kansila yana zaune yana feƙe fensir da reza. Ya ɗago da fara'a.

"Uwata, yau an tashi da wuri."

Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Sannan ta ajiye katakon a kan tebur.

Ya daɗe yana kallonsa. Rezar ta tsaya a hannunsa.

"Innarki ba ta iya aiki ba," ya ce daga ƙarshe.

"Baba, ni ce na ciro. Ga hannuna." Ta nuna masa yatsunta da suka tashi. "Tambaya ɗaya na zo yi. Me ya yi maka?"

"Wa, yaron? Bai yi mini komai ba. Yaron kirki ne. Na je na ga ƙofar da ya yi wa makaranta, haɗin ya yi kyau, ba ya ha'inci a aiki. In na gan shi da baƙin hannu sai in tuna kaina."

"To don me?"

Ya ajiye rezar ya sauke ajiyar zuciya.

"Ke yarinya ce, ba ki san kujera ba. Wata uku ya rage. Yau in na ce na ba mai walda ke, gobe Ciyaman ya ba wani tikiti. Kin ga waɗannan?" Ya nuna katako shida da ke kafe a bango. "Rufin ɗakin haihuwa na asibitinku. Gadar da yara ke faɗawa in an yi ruwa. In na sauka wa zai yi? Yaran yanzu da ke zuwa da jaka su tafi da buhu?"

"Ai ban ce ka sauka ba, Baba."

"To ki yi haƙuri zaɓe ya wuce."

"Haka ka ce lokacin Malam."

Ya kalle ta da sauri. Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta.

"Inna ta gaya mini. Baba, shekarata talatin ba ɗaya. Ban taɓa ɗaga ido na kalle ka ba, ban taɓa tsayawa da wani a lungu ba, don kada a ce 'yar Kansila ce. Duk wanda ya zo ta ƙofa na turo shi. Da ka ce musu a'a, da na yi kuka na haƙura, na san ubana ya hana. Amma sai ka rubuta, su tafi suna murna, su yi ta jira har su gaji, ni kuma in zauna ina zaginsu a zuci. Malam har ya bar garin nan ban amsa gaisuwarsa ba. Me ya yi mini?"

"Ban taɓa tilasta miki kowa ba, Uwata. Ki shaide ni. Da wani uban ne da tuni kina gidan Ciyaman."

"Ba ka ba su ni ba, ba ka kuma bar ni ba. Ka rataye ni ne kamar zarton can."

Maganar ta shige shi. Ya juya ya kalli zarton, ya kalli tafin hannunsa. Hannun da a da kanta ta cika shi, yanzu ya yi laushi kamar na mai jego.

"Da ina kafinta," ya ce a hankali, "in mutum ya kawo katako mai rauni sai in ce masa wannan ba zai yi ba, ko zai ji haushi. Shekarar farko a kujera na ce wa mutum uku a'a, saura kaɗan in faɗi zaɓe. Tun daga nan bakina ya manta yadda ake faɗarta. Wallahi wani lokaci ina so in faɗa, sai in ji hannuna ya tafi bayan kunne."

Idonsa ya cika. Ba ta taɓa ganin haka ba, zuciyarta ta karye. Amma ta tuna ƙarshen wata saura kwana tara.

Ta miƙe ta ciro guduma daga bango, ta zaɓi ƙusa a gwangwani, ta ajiye su kusa da katakon.

"Uwarsa ta rantse, in wata ya ƙare ba magana zai bar ni. Kuma zai bari, Baba, don shi ma ɗa ne mai jin magana kamar ni. Ga guduma. In ka yarda ka kafa shi a bango. In ba ka yarda ba, ka kai shi murhu da hannunka ina gani, ka ce mini a'a. Ko wanne ka yi ubana ne kai, zan bi. Roƙona ɗaya, kada ka mayar da shi aljihu."

Daga madafa ana jiyo shesshekar Inna.

Kansila ya tashi. Ya ɗauki katakon ya shafa gefen da ya ƙone da babban yatsa, ya ɗora shi a bango ƙasa da na gada. Ya saita ƙusa. Nas ta zuba masa ido.

Ya buga sau ɗaya, ƙusar ta kama.

Ya ɗaga guduma zai ƙara, sai ƙahon mota ya tashi a ƙofar gida, dogo, har sau uku. Duk layin ba mai irin wannan ƙahon sai Ciyaman.

Gudumar ta sauka a karkace. Ƙusar ta lanƙwashe, katakon ya faɗo ƙasa tsakaninsu. Mutumin da ake cewa ko ido rufe ba ya lanƙwasa ƙusa ya tsaya yana kallon aikinsa.

"Baba, ga wata," ta ce, tana miƙa masa gwangwanin. "Ga su nan da yawa."

Ƙahon ya sake tashi.

Ya ajiye guduma a kan tebur. Ya karkaɗe rigarsa, ya gyara hula, ya mayar da fensir bayan kunne. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Baƙi ne a ƙofa, bai kamata a bar su ba. Ki kwantar da hankalinki, Uwata. Za a duba."

Tun tana rarrafe take jin kalmar nan daga bayan ƙofa ana faɗa wa mutane. Ba ta taɓa zaton za ta ji ta a fuskarta ba. Tana tsaye ta jiyo muryarsa a waje ta koma ta Kansila sak, yana dariya yana cewa, "Maraba da manya, yanzu nake zancenku."

Kukan ma ya ƙafe. Ta sunkuya ta ɗauki katakon. Inna tana bakin madafa, ta tare ta da hannu biyu.

"Don girman Allah kada ki fita da shi. In yaron nan ya san zancen kwando, gobe duk unguwa ta sani. Duk wanda aka taɓa rubuta wa bai ga aiki ba zai gane. Za ki tsiraita ubanki da tsufansa, ga zaɓe."

"In kuma na yi shiru ya je ya gaya wa uwarsa an rubuta, su shirya, wata ya ƙare, ya zama maƙaryaci a gidansu. Shi ba ɗan mutane ba ne, Inna?"

Ta fita ta ƙofar baya.

Shagon Mai Walda yana bakin titi, rumfar kwano ce da ƙarafa jingine ko'ina. Yana hango ta ya kashe inji ya ture gilashi sama, bakinsa har kunne.

"Rufe idonki. A'a, bari ma, zo ki gani."

Ya yaye wani tsohon tamfol. Gado ne na ƙarfe, an goge haɗinsa sumul ba a ganin tabon wuta, a allon kai ya lanƙwasa siraran ƙarfe sun zama furanni. Fenti kawai ya rage.

"Wata biyar ina yin sa a ɓoye, in aiki ya yi sauƙi. Na ce 'yar kafinta ce, in na yi na banza Baba zai gane da kallo ɗaya. Launi nake jira ki zaɓa." Sai idonsa ya sauka a hannunta. "Mene ne wannan?"

Kafin ta yi magana ya karɓa. Ya goge hannunsa a riga, ya karanta yana bin baƙaƙen da yatsa.

"Rubutun Baba! Ba ki ya yi ki kawo mini? Allahu Akbar. Wallahi sai na yi masa firam na ƙarfe, in rataye a saman gadon nan, jikokinmu su gani. Bari in rufe shago in kai wa tsohuwa, yau bakinta zai mutu."

Ta kalle shi, murna ta sa ya koma kamar ƙaramin yaro. Ta tuna mahaifinta riƙe da guduma, ta tuna katako shida da ke bango.

Shi kuwa ya juya katakon yana auna inda firam zai zauna. Yatsansa ya taɓa gefen, baƙi ya shafe shi. Mutumin da wuta ce sana'arsa ba a ɓoye masa ƙuna. Ya kai katakon hanci ya shinshina, ya kalli ramin ƙusar da bai shiga ba, sannan ya ga yatsunta da suka kumbura. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Wannan wutar icce ce, kuma ta yau ce. Ina ya shiga wuta?"

Hawayen da ta zaci sun ƙare suka dawo.

"Tartsatsi, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Daga ina kika ɗauko shi?"

Ta dafa allon gadon, sanyin ƙarfen ya ratsa ƙunar hannunta.

"Daga murhun gidanmu," ta ce. "Kuma ba kai ne na farko ba."